Kitse a hanta: ina ruwan garkuwar jiki a ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekarata 48, kuma ina shan maganin ciwon sukari. Kwanan baya na riƙa jin nauyi a gefen dama na cikina, aka yi mini hoton eko, aka ce hantata ta tara kitse. Ni kuwa ban taɓa kai giya bakina ba. Na ji a rediyo an ba wasu masana kyautar Nobel saboda sun gano wasu ƙwayoyin halitta da ke kwantar da garkuwar jiki, ɗana da ke jami'a kuma ya ce mini waɗannan ƙwayoyi suna da hannu a ciwo irin nawa. To mene ne haɗin kitse da garkuwar jiki? Sannan wani mai talla ya kawo mini maganin ƙara garkuwar jiki, kwali guda jika 15. In saya?

AMSA

Wa alaikumus salam. Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Zan fara da ƙarshen tambayarka, don kada kuɗinka su fita kafin ka gama karatu: ka bar maganin nan a hannun mai shi. Garkuwar jikinka ba rauni ta yi ba balle a ce za a ƙara mata ƙarfi. A ciwon kitsen hanta, abin da ke cin hantar shi ne garkuwar da ta harzuƙa ta ƙi kwanciya. Ga shi kuma duk haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, hantar nan da ta riga ta gaji ita za ta tace shi. Mun sha ganin wanda ya zo da kitse kawai, ya je ya sha irin waɗannan haɗe-haɗe, ya dawo idanunsa sun yi ruwan ɗorawa.

Ɗanka kuwa gaskiya ya faɗa maka, Allah ya yi masa albarka. Sai dai maganar tana da lauje cikin naɗi, don haka ka ba ni aron hankalinka.

Hantar babban mutum tana kai kilo 1.5, kuma jinin da ke ratsa ta a minti guda ya kusa lita 1.5. Abin lura shi ne inda jinin ke fitowa. Kusan kashi 75 cikin 100 daga hanji yake tasowa ta wata babbar jijiya, ɗauke da duk abin da ka haɗiye: abinci, magani, guba, har da ɓurɓushin ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji. Kai da ke safarar kaya ka fi ni sanin shingen iyaka na hanyar Katsina. Motoci ne dare da rana. In ma'aikatan shingen suka ce kowace mota sai an sauke ta an zazzage, kasuwar Maradi ta mutu. In kuma suka ɗaga sanda kowa ya wuce, wata rana sai mugun kaya ya shigo gari. Dole a samu masu bincike masu zafin nama, dole kuma a samu babba a kansu wanda zai dubi mota ya ce, wannan gero ne, ku bar shi ya tafi. Haka hanta take. Masu binciken su ne ƙwayoyin Kupffer, waɗanda wani masani Bajamushe ya fara bayyanawa a 1876, da wasu dakarun garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T masu kai hari. Babban da ke cewa a dakata shi ne abin da ɗanka yake nufi, wato ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda a takardun likitoci za ka ga an rubuta Treg.

Kyautar da ka ji labarinta ta shekarar 2025 ce, mutum uku suka raba ta: Shimon Sakaguchi ɗan Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell ƴan Amurka. Tun kafin su an lura cewa in aka cire wa ɗan ɓera taimus, wani ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji, yana kwana 3 da haihuwa, garkuwar jikinsa takan juyo ta afka wa gaɓoɓinsa. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa akwai wani ƙaramin rukuni cikin ƙwayoyin T, mai ɗauke da alamar CD25, wanda in babu shi sauran ba su da mai kwaɓa. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3 a jikin wasu ɓeraye da ke mutuwa cikin ƴan makonni da haihuwa, aka kuma tabbatar cewa lalacewarta ce ke jawo wa jarirai maza muguwar cutar nan IPEX: gudawa ba tsayawa, ƙuraje a fata, ciwon sukari tun ana goye. A 2003 aka ɗaure zaren biyu wuri guda, aka gane FOXP3 ce ke mayar da ƙwayar T mai tsawatarwa. Ba su da yawa. Kashi 5 zuwa 10 ne kacal cikin 100 na ƙwayoyin T masu alamar CD4 da ke yawo a jini. Amma jaririn da aka haifa ba su aiki a jikinsa da wuya ya wuce shekara 2 in ba a yi masa magani mai ƙarfi ko dashen ɓargo ba.

Suna aiki ta hanyoyi da dama. Suna fitar da sinadarai masu sanyaya faɗa, irin su IL-10 da TGF-beta. Suna shanye IL-2, wanda shi ne abin da ƙwayoyin kai hari ke buƙata kafin su hayayyafa. Sukan kuma manne wa ƙwayar da ke kai rahoto su hana ta ba da izinin yaƙi. Ka riƙe sunan TGF-beta a ranka, zai sake fitowa.

Sai kitse. Ana cewa hanta ta tara kitse in ya kama sama da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta. Maganar giya kada ta dame ka ko kaɗan. Tun 1980 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka bayyana wannan ciwo a jikin mutanen da ba su sha, alhali a da likita yakan zaci maras lafiya ɓoye masa yake. A yau kusan mutum 3 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da shi, a cikin masu ciwon sukari irin naka kuwa sun fi rabi. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya masa suna zuwa MASLD, suka ɗaura shi a kan ainihin abokan tafiyarsa: ƙiba, sukari, hawan jini da kitsen jini.

Mutane da yawa da zarar sun ji kitse sai su ɗora laifin a kan tsire da balangu. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan ciwo don ya ga inda ya fito. Kusan kashi 59 daga rumbun kitsen jiki ya kwararo, kashi 26 hantar ce da kanta ta ƙera shi, yawanci daga sukari da abinci mai sitaci, kashi 15 ne kawai ya zo kai tsaye daga kitsen da aka ci. Ashe labarin a tumbi yake farawa, kuma a nan ne masu tsawatarwa suka fara shigowa.

A 2009 wasu masana a jami'ar Harvard suka duba kitsen cikin ɓeraye. A jikin ɓeran da ba shi da ƙiba, sai suka tarar kitsen nan cike yake da masu tsawatarwa, har sukan kai rabin ƙwayoyin T masu CD4 da ke wurin, ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin jini. A jikin ɓeran da ya yi ƙiba kuwa sun ragu ƙwarai. Da suka ragu sai kumburi ya kama kitsen, da kumburi ya kama shi sai ya daina jin maganar insulin. Ɗaya daga cikin ayyukan insulin shi ne ya ce wa rumbun kitse ya rufe ƙofa. In kitsen tumbi ya ƙi ji, sai ya yi ta zubo da mai cikin jini, kuma jijiyar da ke kwashe jinin wannan wuri hanta ta nufa kai tsaye. Ciwon sukarinka da kitsen hantarka ke nan uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da mai eko ya gani a jikinka shi ne hanta ta yi haske fiye da ƙodar dama da ke maƙwabtaka da ita, domin kitse yana mayar da sautin na'urar da ƙarfi. Iyakar abin da eko ke iya faɗa ke nan. In da za a yanko ɗan tsoka daga hantar a sa a madubin likita, za ka ga ƙwayoyin hanta kowace da farin gurbi a cikinta, ɗigon mai ya cika ta har ya ture cibiyarta gefe guda. A mafi yawan mutane nan abin yake tsayawa, su rayu da shi shekara da shekaru. Amma a jikin kusan mutum 1 cikin 4 ko 5, hoton yakan canza. Za ka ga wasu ƙwayoyin sun kumbura sun yi fari fat suna shirin mutuwa, ga masu cinye gawa sun yi wa wadda ta mutu zobe, ga ƙananan ƙwayoyin garkuwa sun taru tsibi-tsibi. Wannan mataki shi ake kira MASH, kitse haɗe da kumburi, kuma shi ne abin tsoro.

Me ke sa wani ya tsaya a kitse, wani ya zarce? Gado yana da hannu, abinci yana da hannu, kuma masu tsawatarwa suna da nasu kason. Kitse in ya yi yawa a ƙwayar hanta, ƙona shi yakan bar wasu sinadarai masu ɓarna. A 2007 aka nuna a jikin ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo cewa waɗannan sinadarai suna kashe masu tsawatarwa a cikin hanta fiye da yadda suke kashe sauran ƙwayoyin T. Da aka ɗebo masu tsawatarwa daga lafiyayyun ɓeraye aka zuba musu, kumburin ya sauka. A lokaci guda kuma bangon hanjin mai wannan ciwo yakan yi sako-sako, gubar ƙwayoyin cuta ta riƙa tsallakowa da yawa, ƙwayoyin Kupffer su yi ta buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yawaita, mai cewa a dakata ya ragu. A jikin ɗan Adam ma an ga alamar haka. Wani bincike a Jamus a 2016 ya tarar cewa yayin da ciwon ke tashi daga kitse zuwa kumburi, ƙwayoyin T masu hura wuta, waɗanda ake kira Th17, suna rinjayar masu tsawatarwa. Abin da ya fi faranta mini rai a binciken shi ne, shekara guda bayan an yi wa masu ƙibar aikin rage ciki sun sauke nauyi, ma'aunin ya fara komawa daidai.

In da a nan labarin ya ƙare, da sai a ce a nemo hanyar ƙara masu tsawatarwa a huta. Shekaru da dama haka aka yi zato. To amma ga inda laujen yake.

A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke zaune shiru suna ajiye bitamin A. In aka tashe su sai su watsar da ajiyar su kama saƙa zaren tabo. Babban abin da ke tashin su shi ne TGF-beta, sinadarin nan da masu tsawatarwa ke amfani da shi wajen sanyaya faɗa. Domin masu tsawatarwa ba raba faɗa kaɗai suka iya ba, suna kuma kiran a zo a ɗinke rauni. Raunin da aka yi sau ɗaya, ɗinki alheri ne gare shi. Raunin da ake sabuntawa kullum da safe da kofin shayi mai tulin sukari, ɗinki a kan ɗinki shi ne tabo, tabo a kan tabo shi ne taurin hanta. A 2022 wasu masana a Hanoba ta Jamus suka tarar cewa in ciwon ya riga ya kama, masu tsawatarwa ƙaruwa suke yi a hanta, kuma da suka ƙara wa ɓerayen wasu, abin muni ya yi. A 2024 masana a jami'ar Kolombiya ta Amurka suka nuna cewa masu tsawatarwan da ke taruwa a hanta mai kumburi suna fitar da wani sinadari, amfiregulin, wanda ke tashin ƙwayoyin tauraro su saƙa tabo, har ma ya sa hanta ta ƙara zubo sukari cikin jini. Da aka hana su fitar da shi, tabon ya ragu.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi ɗaga mini hankali. Hantar da ta daɗe tana mutuwa tana farfaɗowa, wata rana wata ƙwaya takan kauce hanya ta zama ta daji. Ƙwayoyin T masu kai hari suna iya gane ta su kashe ta tun tana ɗaya tilo. In babban da ke bakin shinge ya ce a bar ta ta wuce, shi ke nan. An daɗe da sanin cewa ƙarin daji na hanta yakan tara masu tsawatarwa a kewayensa, kuma yawansu a wurin alama ce maras kyau. A ɓerayen da ke da kumburin kitse, rage su ya rage fitowar dajin.

Ga yadda nake fahimtar abin. Masu tsawatarwa ba su sauya hali ba daga farko har ƙarshe, aikinsu ɗaya: a daina faɗa, a ɗinke rauni. Lokaci da wuri ne ke sa aikin ya zama rahama ko ya zama illa. A kitsen tumbi da farkon ciwo, rashinsu ne matsala. A hantar da ta yi shekaru tana kumburi, yawansu yana iya zama matsala. Shi ya sa duk wanda ya ce maka yana da kwalin da zai gyara wannan, ko dai bai san zancen ba, ko kuɗinka yake so. Ƙarawa zai yi ko ragewa? A tumbi ko a hanta? A wane mataki kake? Mafi yawan abin da na lissafa maka a jikin ɓera aka gani, kuma har yau babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince da shi wanda ke warkar da kitsen hanta ta hanyar waɗannan ƙwayoyi. Inda aka fi samun ci gaba da su shi ne dashen gaɓoɓi. A Japan, a wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2016, an ba mutum 10 da aka yi wa dashen hanta ƙwayoyin da aka yawaita masu tsawatarwa a cikinsu, 7 daga ciki suka iya barin maganin danne garkuwa. Abin a yaba ne, amma wannan wani ciwo ne daban.

Magungunan da aka amince da su ta wata ƙofa suke bi. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, wanda ke sa hanta ta ƙona kitsenta, a watan Agusta na 2025 kuma ta amince da semaglutide, allurar da ke rage ci da nauyi. Dukansu na waɗanda tabonsu ya kai matsakaici ko ya ɗara ne amma bai kai taurin hanta ba, kuma suna da tsada sosai. Akwai kuma wani tsohon maganin sukari, pioglitazone, wanda aka tabbatar yana rage kumburin hanta, a ɓeraye ma an ga yana ƙara masu tsawatarwa a kitsen tumbi. Yana ƙara nauyi, yana tara ruwa a jiki, ba a ba mai raunin zuciya. Ka tambayi likitan da ke duba sukarinka ko ya dace da kai, kada ka saya da kanka.

Abin da ke hannunka ya fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ba don in kwantar maka da hankali nake faɗa ba, an auna an gani. Wanda ya sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen hanta yana raguwa. Kashi 7 zuwa 10, kumburi yana lafawa. Daga kashi 10 zuwa sama, tabon ma yana iya ja da baya. In kai mai kilo 90 ne, ana maganar kilo 6 da ɗoriya zuwa 9 ke nan, a hankali, rabin kilo zuwa kilo guda a mako. Kada ka kashe kanka da yunwa, ramar gaggawa tana iya ƙara wa hanta wahala. In ka cire abin da ke yin raunin, garkuwar jiki da kanta take daidaita ma'auninta, ta san inda za ta ƙara da inda za ta rage fiye da kowane likita.

Na san rayuwar ɗan kasuwar garin nan. Daga gida a mota ko a kan babur, a sauka a ƙofar shago, a zauna har magariba. Mai shayi yana gefe, na fari, na biyu, na uku, kowane zagaye da tulin sukarinsa, ana ɗaga buta sama har kumfa ta cika ɗan kofin. Baƙo ya zo a aiko da lemun kwalba mai sanyi, kai ma ka taya shi. Kwalba guda ta santilita 33 tana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma 25. Rabin sukarin nan wani nau'i ne da hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma in ya yi mata yawa kitse take mayar da shi. Zoɓo da lemun tsamiya da aka cika wa sukari, da furar da aka dama da sukari, duk layi ɗaya suke. Nan za ka fara. Yana damuna ƙwarai yadda har yanzu in mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, in ya sauke shi a fara tambayar ko lafiya. Ka sa igiyar awo a kan cibiya: in ta wuce santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, akwai aiki a gaba. Tun da na ambaci mata, ka faɗa wa iyali su guji magungunan sa ƙiba da ake sayarwa a tebur. Da yawansu akwai dexamethasone a ciki, yana tara kitse a hanta yana kuma tayar da sukari.

Abincin da kakanninmu suka rayu a kansa yana da wata fa'ida da ta shafi tambayarka kai tsaye. Dusar gero da dawa, wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama, duk suna da harzar da cikinmu ba ya narkarwa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su ke cinye ta, su fitar da wasu ƙananan sinadarai, kuma a 2013 ƙungiyoyin masana daban-daban suka nuna cewa waɗannan sinadarai suna sa a haifi masu tsawatarwa a bangon hanji. Bangon hanji in ya yi ƙarfi, gubar da ke isa hanta takan ragu. Farar shinkafa, taliya da burodi ba su da wannan. Ka rage su, ka ƙara miya da ganye da wake, tuwon ma a rage malmala. Ka yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, bayan asuba ko bayan isha'i tun da zafin garinmu ba ya barin a yi da rana. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Gargaɗi ɗaya: in kana kan insulin ko maganin sukarin nan glibenclamide, rage abinci yana iya faɗar da sukarinka ƙasa, don haka ka sanar da likitanka kafin ka fara, ya daidaita maka magani.

Tambayar da ta fi muhimmanci a kanka yanzu ita ce ko akwai tabo, kuma nawa ne, domin yawan tabo shi ke nuna inda ciwon ya nufa. Ana auna shi daga F0 zuwa F4. Eko ba ya gani, kuma gwajin jini na hanta da ake kira ALAT yana iya fitowa lafiya lau alhali tabo yana nan. Ka nemi a yi maka ASAT, ALAT da ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda a takardar gwaji ake rubuta plaquettes. Da su da shekarunka likita zai lissafa FIB-4, wani maki da ke kimanta yiwuwar tabo mai yawa. In ya gaza 1.3, hankali ya kwanta, a maimaita bayan shekara 1 ko 2 saboda sukarinka. In ya haura 2.67, sai ka ga likitan hanta ba da jinkiri ba. In yana tsakani, a nemi awon taurin hanta da na'urar FibroScan. A duba maka hawan jini da kitsen jini, domin abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. In an rubuta maka maganin rage kolestarol ka sha, kitsen hanta ba ya hana shi. In kuwa ka ga idanu sun yi ɗorawa, ciki ko ƙafa sun kumbura, amai da jini, bayan gida baƙi wuluk, ko ruɗewa da yawan barcin rana, wannan na asibiti ne a ranar.

Akwai abu biyu da ba zan bari ka tafi ban faɗa ba, domin littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa a tsakiyarsu muke zaune. Na farko ciwon hanta nau'in B. Yammacin Afirka yana cikin yankunan da ya fi yawa a duniya, kuma mafi yawan masu shi tun suna yara suka ɗauka, ba su sani ba. Ita ma wannan ƙwayar cuta tana cin moriyar masu tsawatarwa, an ga yawansu yana ƙaruwa a jikin masu ɗauke da ita, abin da ke taimaka mata ta zauna daram. Hantar da ke fama da kitse ga kuma B, wuta biyu ke cin ta. Ka yi gwajin AgHBs, wato gwajin jinin da ke nuna ko kana ɗauke da B, ko da sau ɗaya. In babu, ka yi rigakafi. In akwai, a auna yawan ƙwayar cutar, akwai magani irin tenofovir ga wanda ya cancanta, a kuma gwada matanka da ƴaƴanka. Jaririn da aka haifa a gidanka a yi masa allurar farko cikin awa 24.

Na biyu gyaɗa. Maradi da gyaɗa ta yi suna, kuma gyaɗa mai kyau abinci ce mai amfani, ban ce ka bar ta ba. Amma wadda aka tara da danshi takan yi fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, ɗaya daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanta, kuma in ta haɗu da B hatsarin ninkuwa yake yi. Ka fasa kwanso ka duba: ƙwayar da ta yamutse, ta yi duhu ko ta yi ƙura-ƙura kore a jikinta, wadda in ka tauna za ka ji ɗaci ya kama maka harshe, tofar da ita za ka yi. Suya ba ta kashe gubar, kuma takan zauna a ƙuli-ƙuli da tunkuza in da irin wannan gyaɗa aka yi su. Masara ma haka. A shanya amfani ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu, a tsince na banza, kada a ce za a ba kaji ko a niƙa a miya, a kuma ɗora buhunan a kan katako nesa da bango da ƙasa, musamman da damina.